Ƙungiyar 'Yan Kwangilar New York: Gaskiyarta a Kan Tsatsa, Shirunta a Kan Tsada

Ranar 15 ga Disamba, 1973, wata tifa maƙare da kwalta tana tafiya a kan babbar hanyar sama ta West Side a Manhattan, sai titin ya rufta da ita, ta faɗo ƙasa tare da wata ƙaramar mota. Kwaltar da ta ɗauko kuwa ta gyaran wannan titin ce. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma aka rufe hanyar, daga baya aka rushe mafi yawanta. Shekara da shekaru ana watsa gishiri a kanta lokacin dusar ƙanƙara, ruwan gishirin yana tsiyaya cikin ƙarfen da ke riƙe da ita, ba fenti ba gyara, har tsatsa ta cinye. Bayan shekara 2 birnin kansa ya kusa tsiyacewa, aka tsayar da manyan ayyuka, har da haƙar layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Second Avenue da aka fara a 1972. Aka toshe ramukan, aka bar su cikin duhu.

Wannan zamani ne ya bai wa ƙungiyar General Contractors Association of New York, wadda ake taƙaitawa da GCA, hujjar da take yawo da ita har gobe: abin da ba a gyara ba yau, gobe sai an sake gina shi da ninkin kuɗi. Hujja ce ta gaskiya. Sai dai kunu a bakin mai sayar da kunu kullum magani ne, don haka ya kamata a san wace ce ƙungiyar, da abin da take ci a ciki.

An kafa ta a 1909, shekarar da aka buɗe gadar Manhattan da gadar Queensboro. Birnin yana tsakiyar tashensa a lokacin. A 1898 aka haɗe yankunansa 5 suka zama birni ɗaya, a 1904 jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki, a 1907 aka fara gina doguwar hanyar ruwa daga duwatsun Catskill mai tsawon mil 92, kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania kuma yana gab da kammala ramukansa a ƙarƙashin kogin Hudson, waɗanda aka buɗe a 1910. Kamfanonin da ke wannan aiki sun ga cewa kowannensu shi kaɗai ba shi da ƙarfi a gaban abubuwa biyu: hukumomin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila, da ma'aikatan da suka fara haɗa kai suna yajin aiki. Sai su ma suka haɗa nasu kan.

Akwai bambanci tsakanin waɗannan 'yan kwangila da masu gina benaye, kuma duk labarin a kansa ya rataya. Mai gina bene yana da abokan ciniki barjat: attajiri mai son otal, banki mai son ofis, kamfani mai son rumbun ajiya. Idan wannan ya ƙi, wancan zai so. Mai haƙa ramin jirgi ko shimfiɗa bututun ruwan da mota za ta iya shiga cikinsa ba shi da mai saye sai gwamnati. A New York hukumomi ƙalilan ne ke ba da irin wannan aiki: MTA mai kula da jirage da motocin haya na jama'a, hukumar tashoshin ruwa da filayen jiragen sama ta New York da New Jersey, ma'aikatun sufuri na birni da na jiha, da ma'aikatar da ke kula da ruwan sha da magudanai. Kamfani ya sayi ƙugiya da katafila da injin haƙa na miliyoyin daloli, ya horar da injiniyoyi, idan majalisar dokokin jiha a Albany, babban birnin jihar, ta rage kasafi, shi ke nan, kayan sun zauna suna cin kuɗin haya da na inshora. Saboda haka kamun ƙafa a wurin 'yan majalisa ba aikin gefe ba ne ga irin wannan ƙungiya. Shi ne noman, shi ne girbin.

Babbar nasarar wannan ɓangare ta zo a farkon shekarun 1980, kodayake ba aikinsu su kaɗai ba ne. Richard Ravitch, wanda ya shugabanci MTA daga 1979 zuwa 1983, ya tarar da jirage suna sauka daga kan layi, ƙofofi ba sa rufuwa, gobara tana tashi a tashoshi. Ya zaga da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa ya nuna musu ruɓewar da idonsu, ya samo tsarin kasafi na shekara 5 na farko, wanda ya fara a 1982 da sama da dala biliyan 7. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne tsarin kansa. Maimakon a riƙa roƙon kuɗin gyara shekara-shekara, sai a tsara na shekara 5 a dunƙule. Ga ɗan kwangila wannan rahama ce, domin zai san aikin da ke tafe, ya san ko ya sayi sabon inji ko ya haƙura. Tun daga nan, duk lokacin da wa'adin kasafin ya zo ƙarewa, za ka ga jami'an GCA a zaman sauraron ra'ayi na majalisa da shafukan jaridu, suna lissafa gadojin da suka tsufa da na'urorin ba da hannu na jirage da wasunsu tun shekarun 1930 suke aiki. Kuma ba ƙarya suke yi ba. A Afrilun 1988 an rufe gadar Williamsburg na makonni bayan masu bincike sun ga ƙarafanta sun ruɓe. Kasafin MTA na 2025 zuwa 2029 ya haura dala biliyan 68, mafi yawansa na gyaran abin da ake da shi ne, ba sabon gini ba.

A nan nake ganin amfanin ƙungiyar ya fi fitowa fili. Ɗan siyasa yana son yanka ƙyalle a gaban kyamara. Ba wanda ke yanka ƙyalle don an sake fentin gada ko an canja famfon da ke zuƙe ruwa daga rami. Fasinja ma ba ya tuna da famfon sai ranar da ya mutu. To wa zai tsaya wa aikin da ba a gani? Sai wanda abincinsa ke ciki. Son kai ne, ba shakka, amma son kan da ya dace da bukatar jama'a. Dubi ramin ruwa na 3 na birnin. An fara shi a 1970 domin a samu damar rufe na 1, wanda ke aiki tun 1917, da na 2, tun 1936, a duba lafiyarsu, abin da ba a taɓa iya yi ba don tsoron kada a rufe bawul ya ƙi buɗewa. Magadan gari sun zo sun wuce, kuɗi ya yanke ya dawo, sashe na farko bai fara kai ruwa ba sai 1998, na Manhattan kuma sai 2013. Aikin da ke cin sama da shekara 40 a ƙarƙashin ƙasa, inda mai jefa ƙuri'a ba zai taɓa leƙawa ba, ba ya rayuwa sai da masu naci.

Haka aka gani a ramin Hudson. A Oktoban 2010 gwamnan New Jersey, Chris Christie, ya soke aikin sabon ramin jirgi da aka riga aka fara, ya ce jiharsa ba za ta ɗauki nauyin ƙarin kuɗin da zai biyo baya ba. Bayan shekara 2 guguwar Sandy ta cika tsofaffin ramukan nan na 1910 da ruwan teku, gishirin ya zauna cikin kankare yana ci. Aikin da ya maye gurbin wanda aka soke yanzu an ƙiyasta shi a kan dala biliyan 16. Haka kuma batun harajin shiga tsakiyar Manhattan da mota, wanda aka yi dokarsa a 2019 don a ciyo bashin dala biliyan 15 na ayyukan MTA. 'Yan kwangila suna cikin masu goyon bayansa, kuma da gwamna Kathy Hochul ta dakatar da shi a Yunin 2024, saura makonni ya fara, sun yi kuka da babbar murya. An fara karɓa a ranar 5 ga Janairu, 2025, dala 9 maimakon 15 da aka tsara.

Wannan fuska ɗaya ce, kuma ita ƙungiyar ta fi son a gani. Ɗaya fuskar tana ɗakin taro, inda ba 'yan jarida.

GCA ce ke zama da ƙungiyoyin ƙwadago, na leburori, da masu tuƙa manyan injuna, da kafintocin tashar ruwa, da direbobin tifa, da masu haƙar rami, ta ƙulla yarjejeniyar albashi da sharuɗɗan aiki a madadin kamfanoninta. Mai karatu a Najeriya ba zai ga baƙon abu ba a nan, domin ƙungiyar kamfanonin gine-gine ta FOCI da aka kafa a 1954 ita ma tana zama da ƙungiyoyin ma'aikatan gine-gine a tsayar da albashi, ita ce kuma ke fitowa ta yi kukan bashin da gwamnati ta riƙe wa 'yan kwangila. Abin da ya bambanta New York shi ne ƙarfin da doka ta bai wa yarjejeniyar. Dokar ƙwadago ta jihar ta ce duk aikin gwamnati sai an biya ma'aikaci albashin da aka saba biya a yankin, har an shigar da wannan cikin kundin tsarin mulkin jihar a 1938. Yadda ake gane albashin da aka saba kuwa, shi ne a duba yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, muddin ta shafi aƙalla kashi 30 cikin 100 na masu wannan sana'a a yankin. Ma'ana, abin da GCA da ƙungiyoyin suka sa wa hannu shi ke zama farashin doka, har ga kamfanin da ba ya cikinsu.

Yanzu a duba waɗanda ke zaune a teburin. Ga ƙungiyar ƙwadago, aikinta ta nemo wa 'ya'yanta ƙarin albashi da ƙarin guraben aiki, kuma ba laifi ba ne. Ga 'yan kwangila, waɗanda ya kamata su ja ciniki. Amma me zai sa su ja da ƙarfi? Duk abin da aka amince, kowane kamfani zai biya daidai da na abokin takararsa, ba wanda zai faɗi a gasar neman kwangila saboda shi. Za a zuba kuɗin cikin farashin da aka miƙa wa gwamnati, a ɗora riba a kai, kuma ribar kashi ce ta jimilla: jimilla ta ƙaru, riba ta ƙaru. Abin da ɗan kwangila ya fi tsoro shi ne yajin aiki, don shi ne ke tsayar da injuna ya jawo tara. Mai biyan kuɗin kuwa, wato MTA da masu biyan haraji a bayanta, ba shi da kujera a wurin.

A Disambar 2017 jaridar New York Times ta fitar da binciken da ya tona wannan. Ta ba da labarin wani akanta da ke duba kasafin aikin East Side Access, ramin da ya kawo jiragen Long Island ƙarƙashin tashar Grand Central. Ya ga ana biyan mutum 900, amma aikin da ya iya ganowa na kimanin 700 ne. Sauran 200 ba wanda ya iya faɗin abin da suke yi, kuma kowannensu yana cin wajen dala 1,000 a rana. Aka sallame su a 2010, ba a san tsawon lokacin da suka yi ana biyansu ba. Binciken ya nuna mutum a zaune cikin lif yana danna maɓalli alhali lif ɗin mai sarrafa kansa ne, da mai zuba wa ƙugiya mai alhali ƙugiyoyin zamani ba sa bukatar hakan, da injin haƙa rami da mutum kusan 25 ke kewaye da shi, wajen ninki 3 na abin da aka saba a wasu wurare. Har akwai sharaɗin biyan ƙungiyar masu haƙa dala 450,000 a kan kowane injin haƙa da aka shigo da shi, a matsayin diyyar guraben aikin da injin ya cinye. Lissafin jaridar ya nuna kowane mil na East Side Access ya ci dala biliyan 3.5, sashen farko na Second Avenue da aka buɗe ranar 1 ga Janairu, 2017 ya ci biliyan 2.5 a mil, shi kuwa ƙarin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 14 a Paris miliyan 450 a mil. Kuma Faransa ba ƙasar da ake wasa da 'yan ƙwadago ba ce.

Kafin a yi wa masu haƙa dariya, a tuna da yadda suka samu wannan ƙarfi. Ma'aikata 23 suka mutu a aikin ramin ruwa na 3 kaɗai. Mutum ya sauka ɗaruruwan ƙafa cikin dutse kafin gari ya waye, cikin ruwa da ƙura da ƙarar nakiya, ƙurar dutsen tana taruwa a huhunsa, ya fito bayan shekara 20 numfashi yana yi masa wuya. Kakanninsu da suka yi aiki cikin matsattsiyar iska a ƙarƙashin kogi sun sha fitowa jiki a shanye. Kowane sharaɗi a yarjejeniyar yana da asali, wani ma jini aka zubar kafin a rubuta shi. Kamfanoni da ma'aikatan wannan sana'a ne kuma suka shiga da injunansu bayan harin 11 ga Satumba, 2001, aka kwashe ɓaraguzai kusan tan miliyan 1.8 kafin ƙarshen Mayun 2002. Matsalata ba albashin mai haƙa ba ce. Ya ci halalinsa. Matsalar ita ce sharaɗin da aka rubuta don injin 1960 yana nan daram a zamanin injin da kwamfuta ke tuƙawa, domin babu wanda ke da dalilin goge shi a cikin waɗanda ke da alƙalamin.

'Yan kwangila suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa aiki da hukumomin New York azaba ne. A canja zane bayan an fara aiki, takardar amincewa da ƙarin kuɗin ta yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, kamfani yana biyan ma'aikata daga aljihunsa. A yi alkawarin rufe layin jirgi da dare don a yi aiki, ma'aikata su hallara, a ce an fasa. A haƙa titi a ci karo da bututun gas ko wayar lantarki da babu su a taswira. Hukuma kuma ta rubuta kwangila ta jibga wa kamfani duk wani haɗari, har wanda ba shi da iko a kai. Wanda ya san za a yi masa haka, dole ya ƙara kuɗi tun a farashin farko, wasu kamfanonin kuma su ƙi shiga takarar gaba ɗaya, a wayi gari babban aiki kamfani 2 ko 3 ne kawai suka nema. Da jihar ta kawo doka a 2019 cewa MTA ta haramta wa kamfani aiki na shekara 5 idan ya zarce lokaci ko kuɗi da sama da kashi 10 cikin 100, 'yan kwangila sun ce wannan zai ƙara korar masu takara ne kawai, har aka je kotu. A nan ina tare da su: barazana ba ta rage farashi, ƙara shi take yi.

Masu bincike na jami'ar New York, da suka kwatanta kuɗin gina layukan jirgi a ƙasashe da dama suka fitar da rahotonsu a 2023, sun raba laifin. Sun ce tashoshin Second Avenue an haƙa su sun fi abin da ake bukata girma nesa ba kusa ba. Sun ce hukuma ta rasa ƙwararrun injiniyoyinta na cikin gida, ta koma dogaro da kamfanonin ba da shawara masu tsada. Sun kuma ce kuɗin ma'aikata ya kai kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na kuɗin ginin a New York, alhali a Italiya da Turkiyya da Suwidin bai wuce kashi 30 ba. GCA tana da bakin magana sosai a kan na farko da na biyu. A kan na uku muryarta takan yi ƙasa.

Akwai yaƙi ɗaya da ta daɗe tana yi ba ta ci ba: sashe na 240 na dokar ƙwadago, wanda asalinsa tun 1885. Dokar ta ce idan ma'aikaci ya faɗo daga sama, ko wani abu ya faɗo masa, saboda rashin isassun kayan kariya, to mai aikin da ɗan kwangila ne za su ɗauki diyyar gaba ɗaya, ba a rage komai don ma'aikacin ma ya yi sakaci, sai fa idan shi kaɗai ne sanadin. Jihar Illinois ta soke irin wannan doka a 1995, New York ce ta rage da ita a wannan siga. 'Yan kwangila na cewa ita ta sa inshorar gini a jihar ta yi tashin gwauron zabo, har wasu kamfanonin inshora suka bar kasuwar, kuma abin da suke nema shi ne alƙali ya raba laifi gwargwadon na kowa, kamar yadda ake yi a sauran shari'o'in rauni. Ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyin masu neman diyya suna cewa tsoron dokar ne ke sa kamfani ya sayi igiyar kariya ya kafa shinge, kuma in ana son a san gaskiyar tsadar, kamfanonin inshora su buɗe littattafansu a gani. Kusan kowace shekara ana kai ƙudurin gyara Albany, ya mutu a kwamiti. Abin lura a nan shi ne, waɗanda ƙungiyar ke jerawa da su kafaɗa da kafaɗa wajen neman kasafi, su ne ke kayar da ita a wannan fage, kuma ba ta taɓa bari rigimar ta ɓata zumuncin ba. Ta san inda ƙarfinta yake: shugaban kamfani shi kaɗai a gaban ɗan majalisa attajiri ne mai neman kwangila, amma idan ya shigo da mutum 500 masu hular kwano da rigar aiki, ya zama mai maganar guraben aiki.

Wani abin da ya canja shi ne yadda ake ba da kwangilar. A 2011 jihar ta ba wasu hukumominta izinin haɗa zane da gini a hannun kamfani ɗaya, aka yi amfani da tsarin wajen gina gadar da ta maye gurbin tsohuwar gadar Tappan Zee ta kogin Hudson a kan kusan dala biliyan 4. Birnin New York bai samu cikakken irin wannan izini ba sai ƙarshen 2019. Tsarin yana rage jifan juna da laifi tsakanin mai zane da mai gini, amma yana fifita manyan kamfanoni masu ƙarfin ɗaukar haɗari, waɗanda da yawansu rassan kamfanonin Turai ne, irin su Skanska na Suwidin da Dragados na Sifaniya. Ƙaramin kamfanin iyali da kakansa ya fara da tifa ɗaya a Queens sai ya koma karɓar aiki a ƙarƙashinsu. Ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar duka biyun, kuma bukatunsu ba kullum suke haɗuwa ba.

Sashe na biyu na layin Second Avenue, wanda zai kai jirgi titi na 125 a Harlem, mil ɗaya da rabi ne da tashoshi 3, an ƙiyasta shi a kan kimanin dala biliyan 7, gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan biliyan 3.4 daga ciki a 2023. Don rage kuɗi, MTA ta ce za ta yi amfani da wani yanki na ramin da aka haƙa a shekarun 1970, ta kuma rage girman tashoshi, ta fara kawar da bututu da wayoyi daga hanya kafin a shigo da injin haƙa. Duk waɗannan gyare-gyare ne a ɓangaren hukuma. Dokar da ta mayar da yarjejeniyar 'yan kwangila da 'yan ƙwadago farashin aikin gwamnati tana nan yadda take.